Ranar da Inna ta share gandun daji

Wata bakwai da rasuwar Baba, Inna ta koma magana da ka. Ka tambaye ta ko ta ci abinci, ta gyaɗa. Ko wani wuri na mata ciwo, ta girgiza. Tun da na ɗauko ta daga gidanmu mai faɗin tsakar gida na kawo ta hawa na uku inda muke haya, aikinta zama a bakin taga, hannuwa a cinya. Matata ba ta barin ta ɗaga ko cokali, wai girmamawa. Likita ya gama gwaje-gwajensa ya ce lafiyarta ta fi tawa, wanda ba wani abin yabo ba ne.

"Ka fita da ita ta sha iska," in ji shi. "Zaman nan ne zai cinye ta."

Ranar Asabar na kai ta wani gandun daji da aka keɓe don itatuwa da tsuntsaye. A ƙofa akwai allo mai hanyoyin ƙafa uku, duk suna ɓullewa bakin tafki. Na zaɓi mafi gajarta, na ce saboda Inna. Tumbina ya san gaskiya.

Muna tafe ina karanta mata sunayen da aka liƙa wa itatuwa, ina haki tsakanin kalma da kalma. Ko uffan. A bakin tafkin muka sami benci a inuwa, ga agwagin ruwa, ga kwaɗi na ta surutu. Na ce bari in rufe ido minti biyu.

Ƙarar tsintsiya ce ta tashe ni. Inna ta haɗa busassun tsinke ta ɗaure da bakin mayafinta, ta duƙa tana shara. Ta riga ta tattare ganyen da ke gindin itatuwa tsibi uku, ta jawo ruɓaɓɓun kututture ta jera su kamar itacen girki. A saman kanta kuwa allo ne da manyan baƙaƙe: kada a taɓa komai.

Sai ga ma'aikacin gandun, dattijo mai furfura a gemu, da takalmin roba har gwiwa. Ya tsaya ya riƙe ƙugu.

"Malam, tsohuwar nan taka ce?"

Na ɗan yi tunanin musantawa. "Tawa ce."

"Shekara uku ganyen nan na kwance. Da gangan muke barinsa ya ruɓe. A ƙarƙashinsa ƙwari suke, da kwaɗi, da bushiya. Su kuma tsuntsaye ƙwarin suke zuwa ci."

Inna ta miƙe a hankali, hannu a bayan ƙugu, ta dube shi sama da ƙasa.

"Ɗan nan, da gangan kuka bar ƙazantar?"

Rabon da in ji jimla guda daga bakinta har na manta.

"Da gangan, Iya."

"Ko macizai kuke kiwo?"

"Har da su."

"To Allah ya shirye ku. Kuma biyan ku ake yi?"

Na koma bayanta ina yi masa alama da hannu, ci gaba, don Allah ci gaba. Ya kalle ni kamar mai taɓin hankali, ya kalle ta, sai na ga ya gane wani abu. Ya gyara murya ya ce doka ce, sai an mayar da ganyen inda yake.

"Shekara sittin ina shara," in ji Inna, "ban taɓa mayar da ita inda na kwaso ba. Kai, mai barci, zo ka watsa musu kayansu."

Haka na duƙa, ni da gwiwoyin da suka daɗe da yin murabus, ina barbaza shara a daji, mutum biyu na ba ni umarni.

Da na gama, dattijon ya nuna mata gefen tafkin, inda kainuwa ta rufe ruwa ruf.

"Iya, ga ainihin ƙazantar. Tana shaƙe kifi, mu kuma hannu ya yi mana kaɗan. Duk Asabar masu sa kai ke zuwa mu kwashe."

"Ai da sai ka faɗa tun ɗazu, ka tsaya kare ruɓaɓɓen ganye."

Ya kawo manjagara. Ta karɓa ta jijjiga ƙotar, ta ce ta yi sako-sako, wa ya ɗaura? Awa guda tana jawo kainuwa, ni ina kwasa a baro.

A mota ba ta yi shiru ba. Tuƙina, tumbina, labulen falonmu da rabonsa da wanki tun zuwanta, babu wanda ya tsira. Ina ta cewa to, Inna, ina goge ido da sunan rana ce.

Da muka tsaya a ƙofar gida ta ce, "Asabar ka tashi da wuri. Ka nemo takalmin roban nan."

"Lamba nawa kike sawa?"

"Ƙafa biyu za ka saya. Ba barci za ka je yi ba."