Fiton Habibu a Bishiyar Mangwaro

Sabuwa na tura keken yarinyar da take raino a wani layin unguwar Ma'adi a birnin Alƙahira, rana tsaka, sai ta ji fiton mijinta. Ta tsayar da keken.

Fiton da Habibu yake yi mata ne daga ƙasan benensu a unguwar Faisal, in ya dawo aiki, ita kuma ta amsa da nata ta taga. Wata da watanni ke nan da ɓacewarsa. Wasu sun ce ya shiga jirgin ruwan Turai da ya nitse, wasu sun ce an gan shi a unguwar Dokki, nan cikin gari. 'Yan'uwanta na ta waya daga Kano, ta fara takaba. Ta ƙi.

Ta ɗaga kai tana neman mai fiton. Tsuntsu ne a reshen mangwaro, baƙi siɗik, cikinsa ja-ja, ga doguwar jela da fari a gindinta.

Washegari ta jawo maƙwabciyarta Nurul, ɗaliba 'yar Malesiya, zuwa gindin mangwaron.

"La ilaha!" in ji Nurul. "Wannan ai na dajinmu ne, shama ake ce masa. Me ya kawo shi Masar? Daga keji ya tsere, wallahi. Gwanin kwaikwayo ne, amma sai abin da ya ji ya sake ji."

"Kenan Habibu yana nan kusa?"

"Ni dai ban ce ba, Anti."

"Yalla, mu bi shi."

Suka bi shi bishiya bishiya, keken yarinya na ƙara a kan kwalta, har ya sauka a barandar wani tsohon gida, kusa da wani keji a buɗe. Sabuwa ta doka ƙofa kamar za ta ɓalle ta. Wata dattijuwa Bamisriya, Madam Samah, ta leƙo. Tana ganin hoton Habibu a wayar Sabuwa ta dafe ƙirji.

"Habib! Shi ya yi jinyar maigidana har ya rasu. Kullum yana baranda da tsuntsun nan, yana yi masa fito."

"Ina yake, Hajiya?"

"Ma'alish, yi haƙuri 'yata. Ya ce mini teku zai ƙetara, ya kasa gaya wa matarsa. Ranar da zai tafi ya buɗe kejin. Tsuntsun ne ya ƙi tafiya."

Tsuntsun ya karkata kai, ya kumbura wuya, ya saki kiran Habibu. Ya ɗan yi shiru. Sai ya kawo amsar, tata, har da ɗan karyewar da take yi a ƙarshe.

Sai Sabuwa ta gane. Ashe a nan yake tsayawa ya kira ta, ya kuma amsa wa kansa.

Ta zare 'yan kunnenta ɗaya bayan ɗaya, ta damƙa wa Nurul.

"Khalas, shi ke nan," ta ce. "Kira mini Yaya a Kano, zan fara takaba."

A bayansu tsuntsun ya sake kira.