Sau ɗaya na faɗi sunanta

Ranar da aka haifi ɗiyata wuni aka yi ana ruwa. Shirinmu da farko shi ne in kai matata Rashida gidansu a Tunuga ta haihu can, tunda haihuwar fari ce. To hanya ta yanke, kuma cikin bai jira wata tara ya cika ba. Bayan azahar ta ce mini bayanta kamar zai tsage. Inna, mahaifiyata, ta tafi ta'aziyya wata unguwa. Ni kabu-kabu nake yi da moto, wato babur, daga tasha zuwa bakin gadar Malanbil, saboda haka na ɗora ta a moto na ce mu bi ta bakin fadama, ya fi kusa da gidan likita.

A nan moto ya nutse cikin laka har rabin taya. Babu kowa. Gida ɗaya ne a wurin, bukka mai dangar kara, kuma duk wanda ya tashi a unguwarmu ya san ta wace ce.

Tsohuwa Baraka da can kifi take ƙyafewa tana kaiwa kasuwa. Wata shekara ɗan maƙwabcinta ya kwanta zazzaɓi, ya yi ta kiran sunanta har ya cika. Bayan wata biyu wata yarinya ma ta kira. Shi ke nan aka ce mayya ce, aka daina sayen kifinta, ta kwashe ta koma bakin fadama. Muna yara in za mu wuce sai mu tofar da yawu mu ce kurwata kur, mu ruga. Ni ma na yi, ba sau ɗaya ba.

Ita ce ta fito da buhu a ka. Ta dubi Rashida da ke durƙushe cikin ruwa, ta ce, "Ɗan nan, kama ta wancan gefe. Ba za ta kai likita ba."

Na tsaya a waje ƙarƙashin bunu, ruwa na zuba mini a wuya. Na ji nishin Rashida, na ji ya tsaya. Na jira kuka ban ji ba. Can tsohuwar ta ce in shigo in haska mata da salula. Jaririyar na tafin hannunta, launin toka, ba ta motsi. Sai ta sa bakinta ta rufe hancin da bakin yarinyar, ta tsotsa, ta tofar. Ta hura a hankali. Ta murza mata baya da tsumma, ta sake hurawa. A ta huɗu aka yi wani ɗan kuka kamar na ɗan kyanwa. A ranta na ce, in Allah ya raya wannan yarinya, na san sunanta.

Da ruwa ya tsagaita na samo amalanken jaki muka kai su likita. Tsohuwar ba ta bi mu ba. Ta ce in aka gan ta tare da mu babu mai zuwa barka.

Rashida ce ta ba da labarin washegari, da murnarta, don ita ba 'yar unguwar ba ce. Inna na dama mata kunun kanwa. Ta tsaya da ludayi a hannu.

"Bakinta? A bakin jaririya?"

"Inna, ai da ba ta yi ba..."

"Innalillahi. Badaru, kana tsaye?"

Na ce ina tsaye, ni na haska.

Gwaggo Aisata, ƙanwar mahaifina, tana zaune kan turmi. Ta ce, "To, ko dai ta lasa, ko ta zuba." Kowa ya gane. An ce maita ƙanƙara ce a ciki, mai ita na iya amayo ta ya ba wani. Daga ranar matan da ke zuwa barka sai su leƙa daga ƙofa, su ce Allah raya, ba su miƙa hannu su karɓa.

A kwana na uku idon yarinyar ya yi rawaya, nono ma sai ta ja biyu ta yi barci. Na mayar da su likita. Madam mai karɓar haihuwa ta ce shawara ce, ana ganinta ga 'ya'yan da suka zo da wuri, a yawaita ba ta nono, a dawo da ita kullum da safe ta duba. Na faɗa wa Inna. Ta ce madam ta san allura, ba ta san bakin fadama ba.

Zaɓen suna ba nawa ba ne. Ɗiyar fari ce. Uban ɗan fari ba ya zaɓa, ba ya zama wurin raɗin suna, kuma har ya mutu ba ya kiran sunan da bakinsa, kunya ce. Baba Sumana, wan mahaifina, shi ke madadin ubana tun da ya rasu, kuma ya riga ya ce Fatuma. Na same shi da la'asar a ƙofar gida yana gyaran igiyar ragon suna. Na durƙusa na daɗe ina wasa da ƙasa.

"Kai, in bashin gaisuwa ne ka biya, tashi."

"Baba, maganar suna ce."

"Ka ji mini mara kunya. Yaushe aka haife ka?"

Na faɗa masa abin da na ɗauka a raina cikin bukkar. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya saki igiyar, ya dube ni kamar mai duban wanda ya sha wani abu.

"Sunan ba shi da aibi, sunan Musulmi ne," in ji shi. "Amma a Karakara, ko a Kamba. Ba a unguwar nan ba. Ka kai mata shinkafa, ka kai mata zane, ba wanda zai hana ka. Suna kuwa ba kai za ka ɗauka ba, yarinya za ta ɗauka."

Na ce to. Amma to ɗin a baki ya tsaya.

A kwana na biyar na dawo cin abincin rana na tarar da mata sun cika tsakar gida. Gwaggo Aisata na cewa a tara samari a je a kawo tsohuwar ta tsallake jaririya sau uku, haka ake yi mayya ta saki kurwar da ta kama. In ta ƙi, a ɗauko ta. Rashida na ɗaki tana kuka ba sauti. Na ajiye moto na bi ta bayan gida da ƙafa.

Na same ta tana shanya 'yan ƙananan kifi a kan tabarma. Na gaishe ta, na ce mata Iya. Ta ɗago kai, ina jin ta daɗe ba a kira ta haka ba.

"Tana shan nono?"

"Tana sha kaɗan-kaɗan."

"A dinga tashinta. 'Yan bakwaini barci ke cinye su."

Na gaya mata abin da ake shiryawa. Ba ta firgita ba. Ta ce an taɓa sa ta tsallake yaro shekara ashirin da suka wuce, a gaban jama'a, da ɗan zane ɗaya. Yaron ya warke, aka ce ka gani, ta sake shi. Da ya mutu da an ce ta ƙi saki.

"In sun zo zan tafi," ta ce. "Ƙafata ce kawai ba ta ɗagawa kamar da."

Sai na ce mata ba tsallake nake so ta yi ba, takwara nake so in yi mata. Ta bar kifin. Ta juya ta dubi shinkafar fadama.

"Mi yarinyar ta yi maka?"

"Iya, ke kika hura mata rai."

"Allah ya hura. Ni majina na tsotse." Ta yi 'yar dariya, ta goge ido da gefen kallabi. "Na haifi biyar, ba wanda ya tsaya, ba wanda zai sa wa ɗiyarsa sunana. Kada ka ce ba na so. Amma ɗan nan, sunan ga a bakin masu zazzaɓi yake yawo. Ka bar shi ya mutu tare da ni."

Na dawo ina jin maganar, amma ban ji ta duka ba. Abin da ya tsaya mini shi ne kada ka ce ba na so. Na tsaya a ƙofar gidanmu na ce wa Gwaggo duk wanda ya je bakin fadama, ni zan ɗauki matata da ɗiyata mu bar gidan. Ban taɓa ɗaga mata murya ba, ranar ma ban ɗaga ba. Wataƙila shi ya sa suka fasa. Gwaggo ta ce, "Ta gama da shi shi ma," ta kaɗe zanenta ta fita.

Da yamma na tambayi Rashida ko ta yarda da sunan. Ta dubi yarinyar ta ce, "Ni dai na ga lokacin da ba ta numfashi."

Ranar suna bayan sallar asuba aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida. An kawo goro da dabino a faranti. Inda ya kamata in kasance shi ne tasha, ko bayan gari, abokai su zo su nemo ni suna yi mini tsiya. Sai ga ni na fito da riga mai tsabta. Abokina Hamza ya ja ni ta hannu, "Kai ango, ka manta ta fari ce? Ɓace mana." Na zame hannuna.

Baba Sumana ya riga ya sunkuya wajen liman. Na zagaya ta ɗaya gefen na durƙusa, na kai bakina kunnensa na faɗa. Sau ɗayan nan ne na kira ɗiyata da sunanta, kuma ba zan sake ba.

Liman ya dube ni, ya dubi Baba Sumana.

"Suna biyu na ji," in ji shi.

"Malam, yaro ne," in ji Baba.

"Yaro ne, amma shi ne uba. Badaru, ka tabbata?"

Na gyaɗa kai. Liman ya ɗaga hannu aka yi addu'a, aka kwantar da rago. Maroƙi ya karɓi sunan daga bakin liman. Mutum ne da ake jin muryarsa har bakin kasuwa, amma ranar ya faɗa kamar mai tambaya. Daga cikin gida ba a yi guɗa ba. Wasu suka shafa fatiha suka tashi, goronsu na nan cikin faranti. Baba Sumana ya sa takalmansa ya shiga gida bai dube ni ba.

Takwara tana da rabonta a ragon suna. Da hantsi na yanki cinya na sa a leda, na ɗauki goro goma, na tafi bakin fadama. Ƙofar dangar a buɗe. Babu tabarma, babu tukunya, babu ragar kifi. Tokar murhu da sauran ɗumi. Sawunta ya bi ta gefen shinkafa ya nufi gulbi, ƙafa ɗaya tana ja. Na bi har inda masunta ke ɗaure jirage. Wani ya ce da sassafe wata tsohuwa ta shiga jirgin masu zuwa ƙetare, bai tambaye ta ina za ta ba.

Na dawo da naman a hannu. Rashida na bakin ƙofar ɗaki da yarinyar, wadda wanzami ya aske wa kai, idonta ya fara washewa. Ta ce, "Ta karɓa?" Na ajiye ledar kusa da ita.

Yau wata huɗu. Yarinyar ta yi ƙiba, tana dariya in ta ji ƙarar moto. Inna na goya ta, amma Baƙuwa take ce mata, kuma in ta ɗauka ba na gani sai ta buɗe mata baki da yatsa ta leƙa. Matan unguwa har yanzu daga ƙofa suke gaisuwa.

Shekaranjiya ɗan maƙwabcinmu, mai shekara shida, ya kwanta zazzaɓi. Dangarmu ɗaya da su. Jiya da rana ina wanke moto na ji ya fara sambatu, uwarsa na cewa, "Wa kake kira? Faɗa mini, wa kake gani?" Sai a lokacin sauran maganar tsohuwar ta iso mini. Duk unguwar nan yanzu mutum ɗaya ke amsa sunan, ga ta nan kwance a tabarma tana tsotsar yatsan ƙafarta.

Na bar soson cikin bokiti. Na ɗauke ta na zauna jikin dangar, na sa kunne.