Durƙuso a Ɗakin Goggo 'Yardada

A duk unguwar Soron Ɗinki babu mai kiran Hajiya Zaituna da sunanta gatsal. 'Ya'yanta Umma suke cewa, jikoki su ce Hajiya, masu zuwa sarin alkaki da bakilawa a wajenta kuwa har "ranki ya daɗe" suke ƙarawa idan suna neman gyara. Mutum ɗaya ya rage a duniya da ke buɗe baki ya ce "Ke Zaitu!" kamar zai aike ta sayen gishiri. Ita ce Goggo 'Yardada, ƙanwar mahaifinta, wadda ta riƙe ta tun daga yaye har ta raka ta ɗakin miji.

Goggo tana can Ƙofar Ruwa, matar jikanta Hajo ce ke kula da ita. Tsufa ya cinye idonta, ya kuma soma taɓa tunaninta, wata rana ta san yau, wata rana tana can zamanin da ake saukale kayan Tarabulus a zauren mahaifinsu. Ta daɗe da barin hawa gado. A ƙasa take wuni, kan darduma, ta jingina da bango.

Kowace Juma'a bayan la'asar Hajiya Zaituna takan kwashi duk wanda ta samu a gida, 'ya'ya da surukai da jikoki, a ɗunguma gaida Goggo. A gidansu ba a gaida babba a tsaye. Tun daga bakin ƙofar ɗaki ake zubewa, a ja gwiwa har gabanta. Hajiya Zaituna, da furfurarta da jikokinta, ita ke fara zubewa, Goggo kuma ta tare ta da faɗa: ta makara, ta rame, alkakin wancan makon zuma ta yi masa kaɗan. Da wannan faɗan take komawa gida ranta fes, ya ishe ta har wata Juma'ar.

Bayan azumin bana ƙafafu suka fara yi mata gardama. Ba wani ciwo mai zafi ba ne, ƙarfin ne kawai yake zarewa ba sallama. Ta ɓoye abin iyakar iyawarta, tana dafa bango kamar mai duba ko ya tsage. Ranar da asiri ya tonu, a lungun su Goggo ne, ta ɗaga ƙafa za ta tsallake kwata, ƙafar ta ƙi bin ta. Ta faɗi, kwanon alkaki ya yi nasa waje. Likita ya ce jijiyoyin baya ne, magani zai taimaka, amma lallai ta samu abin dogarawa, domin wata faɗuwar ba lallai ta zo da sauƙi haka ba.

Nan fa kai ya rabu. Hafsa, babbar 'yarta, ta ce kwagirin marigayi Alhaji, mahaifinsu, yana nan bayan ƙyaure, a ɗauko. Aka ɗauko, ya yi mata tsawo, kuma ƙafa biyu ce ba ƙarfi, sanda ɗaya wacce za ta tara? Nazeer kuwa, autanta, irin mutanen nan ne da idan suna ƙaunarka sai sun sayo maka abu mai kwali. Bai shawarci kowa ba, ranar Laraba sai ga shi yana turo keke baƙi wuluk, sabo dal, ledarsa ma ba a gama ɓarewa ba.

Hajiya Zaituna ta kalli keken, ta kalli ɗanta. "Keken guragu ka sayo mini, Nazeer?"

"Haba Umma, wannan ai wilciya ce. Ga birki, ga wajen ajiye ƙafa, kuma naɗe ta ake yi a sa a bayan mota."

"To da Turancin su wa ke hawa?"

Aka yi dariya, ita ma ta ɗan murmusa. Ta ga yadda yaron ya haɗa gumi, ta ga tsoron da ke idonsa tun ranar faɗuwar, sai ta kasa ƙi. Ta sa masa albarka.

Juma'a ta zo. Mota ta ajiye su a bakin titi, domin lungun su Goggo ko Adaidaita Sahu ba ya shiga. Aka zaunar da ita, Nazeer ya kama turi. Wanda ya ƙera keken nan bai taɓa ganin lungun cikin birni ba. Nan taya ta faɗa kwata, can an ci karo da dakali, gaba kaɗan mai babur ya tsaya ana kallon-kallo sai da ya koma da baya. A zaure sai da maza biyu suka ɗaga ta ita da keken suka tsallakar da ita dokin ƙofa, tana riƙe da mayafinta tana salati. Duk wannan ta shanye. Ta ce a ranta, in dai za ta isa, ba komai.

Aka tura ta har tsakiyar ɗakin. Ta yunƙura za ta sauka, Nazeer ya dafa kafaɗarta. "Umma, don Allah. Idan kika sauka ba za ki iya tashi ba."

Ga yara cike da ɗaki, ga surukai, ba ta son a yi ja-in-ja. Ta zauna. Daga saman keken ta sunkuyar da kai ta ce, "Goggo, ina wuni?"

Goggo ta ɗaga fuska sama, wajen da muryar ta sauko. Ta gyara ɗankwalinta, ta tattara ƙafafunta, ta yi irin muryar da take yi wa baƙi.

"Lale, lale. Sannunki da zuwa, Hajiya. Hajo, kawo wa Hajiya ruwa. Daga wace unguwa?"

"Goggo, ni ce. Zaituna ce."

"Allah Sarki, sunan 'yata gare ki. Ita ma tana zuwa, yau dai ban ji ta ba."

Hajo ta yi ta bayani, Hafsa ta matso tana cewa Umma ce fa. Goggo tana gyaɗa kai cikin ladabi, irin na wanda ba ya son ƙaryata baƙo. Jikoki suka zube ɗaya bayan ɗaya, tana lalubar kawunansu, tana kama sunan wasu tana kuskure wasu. Sai a lokacin Hajiya Zaituna ta gane abin da kullum yake gabanta ba ta lura ba: Goggo ta daina gane mutane da ido, muryar ma ba ta ishe ta ba, sai ta haɗa da inda muryar ta fito. Wanda ya yi magana daga ƙasa, kusa da gwiwarta, na gida ne. Wanda maganarsa ta sauko daga sama baƙo ne, ko mai allura. Zaitu kuwa tunda Allah ya yi ta ba ta taɓa yi mata magana daga sama ba.

Har suka fito Goggo na yi mata godiyar zumunci. Suka shiga mota. Hajiya Zaituna ta juya fuska wajen taga, hawaye na bin kumatunta, tana jin maraicin da ba ta ji ba ko ranar da aka binne mahaifinta.

Juma'ar da ta biyo baya ta ce kanta na ciwo. Ta gaba ta ce ku je kawai, ku gaishe ta. Keken aka jingine a tsakar gida, har an fara shanya tawul a kansa.

'Ya'yan suka zauna suka yanke hukunci a junansu cewa kunya ce. Hafsa ta ce ai dole, mace kamar Umma a riƙa tura ta a lungu ana leƙe. Nazeer ya ce akwai wani mai batir, ita za ta tuƙa abinta, ba mai tura ta. Abin da ya faru a ɗakin Goggo kuwa sun ɗauke shi a rikicin tsufa ne kawai, yau ta gane gobe ta manta. Ita ma ba ta gyara musu ba. Ta yaya mace mai jikoki za ta dubi 'ya'yanta ta ce abin da ke hana ta barci shi ne ba a yi mata faɗa ba?

Hajo ce ta karya shirun. Ta zo da kanta wata Lahadi da hantsi, ta durƙusa ta gaishe ta, ta ce, "Hajiya, jikin Goggo sai a hankali. Abincin ma sai an yi da gaske. Jiya ta ce in leƙa zaure ko Zaitu na can tana wasa."

Washegari Hajiya Zaituna ta ce a kai ta wajen likitar gashin ƙashi, wadda tun farko aka tura ta wajenta ta ƙi zuwa. Nazeer ya yi murna, ya ɗauka maganar mai batir ce ta shiga.

Likitar matashiya ce, Binta, mai yawan fara'a. Ta jero mata kaya: sanda mai yatsu huɗu a ƙasa, sandunan hammata, wani abin turawa mai tayoyi da ɗan wajen zama, da wani na ƙarfe mara taya, mai ƙafa huɗu, wanda mutum ke shiga tsakiyarsa ya riƙe da hannu biyu. Ta ce ta gwada tafiya da kowanne daga nan zuwa bango. Nazeer na gefe yana yabon mai tayoyin.

Hajiya Zaituna ta gwada biyu ta tsaya. "'Yata, duk waɗannan na tafiya ne. Wanne ne na sauka?"

"Sauka daga ina, Hajiya?"

"Ƙasa. In kai gwiwata ƙasa, in kuma tashi."

Nazeer ya ce, "Umma, sallah ai an ce ki yi a kujera."

"Allah ya yi mini rangwame, na karɓa, na gode masa." Ta dube shi. "Goggo ce ba ta san da rangwamen ba. Ce mini ta yi Hajiya, Nazeer. A gabanka. Ruwan baƙi ta sa aka kawo mini."

Nazeer ya dubi Hafsa da ta rako su. Hafsa ta sunkuyar da kai. Sai yanzu suka ji nauyin abin da suka gani da idonsu suka wuce.

Likita Binta ba ta yi dariya ba, ba ta kuma yi mata wa'azin lafiya ba. Ta ture mai tayoyin gefe, ta ce wannan zai gudu ya bar ki. Ta jawo mara tayar. Ta ce gaskiya ba don wannan aikin aka yi shi ba, kuma kada ta kuskura ta gwada ita kaɗai. Sai mutum ya danne shi da ƙarfinsa, a kuma ajiye kujera 'yar tsugunno a gefe, ta fara sauka a kanta, ta huta, sannan gwiwa mai ƙarfin ta fara taɓa ƙasa. Tashi ma haka, a bi ta kujerar. Suka gwada a kan katifar asibitin. Karon farko sai da aka ɗago ta kamar buhu. Hajiya Zaituna ta ce a sake.

Sauran kwanakin a tsakar gida ta yi su, Hafsa na danne ƙarfen, ita tana sauka tana tashi, gumi na ɗiga daga haɓarta. Tafiya da abin ma aiki ce: a ɗaga, a ajiye gaba, a bi shi. Maƙwabta suna jin ƙwas, ƙwas ta katanga.

Ranar Juma'a keken Nazeer bai yi asara ba, shi ya kai ta daga titi zuwa inda lungu ya tsuke. Daga nan ta ce a tsaya. Ta kama ƙarfenta. Tafiyar da a da take yi kafin a gama amsa sallama, yau sai da ta huta a dakalin mutane, jikoki na biye da ita a hankali kamar masu rakiyar amarya. A dokin ƙofa ta tura abin ciki, ta jingina nauyinta a kansa, ta ja ƙafafun ɗaya bayan ɗaya. Ba wanda ya ɗaga ta.

Goggo ta ƙara ƙanƙancewa. Tana kishingiɗe, idonta a rufe, kofin kunu a gefenta ko rabi ba a sha ba. Hajiya Zaituna ta tsaya tana dubanta. Idan ta sauka ɗin ma ba a gane ta ba fa? Idan makonnin da ta yi tana fushi sun tafi da ɗan abin da ya rage?

Nazeer ne ya danne ƙarfen. Hafsa ta ajiye 'yar tsugunno. Hajiya Zaituna ta sauka a kanta, ta yi numfashi. Gwiwar dama ta taɓa tabarma, ta hagu ta biyo da nata nauyin, har sai da ta cije leɓe. Ta saki ƙarfen. Ta ja jiki, kaɗan kaɗan, har goshinta ya kusa taɓa gwiwar tsohuwar.

"Goggo, ina wuni?"

Ta ƙara matsowa. Can hannun Goggo mai sanyi ya motso, ya lalubo kafaɗarta, ya hau wuya, ya kama kunnenta ya murɗa da ɗan ƙarfin da ya saura.

"Ke Zaitu! Gidan uban wa kika shiga?"

"Ina nan, Goggo. Ƙafa ce."

"Ƙafa! Yarinya da ke kina maganar ƙafa. Kin bar ni da baƙi. Ran nan wata Hajiya aka kawo mini, zaune a kan kujera ƙememe, ko saukowa ba ta yi ba. Wai ita ma Zaituna." Ta ja tsaki. "Na ce a raina, tawa dai na ba ta tarbiyya."

Hajiya Zaituna ta kifa fuskarta a cinyar Goggo, kafaɗunta na girgiza, ita kanta ba ta san dariya take yi ko kuka ba.

Nazeer ya sunkuyo ya yi ƙasa da murya. "Umma, gwiwarki. In taimaka miki ki tashi?"

Ba ta ɗago ba. "Ku je ku gaisa da mutanen gida," ta ce. "Ba ta gama yi mini faɗa ba."