Sadakar Arba'in ɗin Kabo

Tun da ɗanta Kabo ya rasu a hatsarin babur a hanyar Gaya, Iya Tabawa ba ta fasa zuwa sujada ba. Takan zauna a bencin gaba, inda ta saba zama tun majami'ar tana rumfar kara. Waƙa ce kawai ta daina.

Gidajen Kiristoci kaɗan ne a ƙauyen, gabas da Ajingi, kuma yawancinsu suna da 'yan'uwa Musulmi. Lokacin zaman makoki maƙwabta ne suka yi ta kawo tuwo da kunu. Ƙanwarta Hansai, wadda ta musulunta tun tana budurwa, ita ta kwana da ita a ɗaki.

Wata Laraba da yamma Iya ta sami Fasto Istifanus a ƙofar gidansa yana tsinke gyaɗa. Bayan doguwar gaisuwa ta gaya masa abin da ya kawo ta. Arba'in ta kusa. Ta jiƙa gero za ta yi gumba, tana so ya zo ya yi addu'a ladan sadakar ya isa wurin yaron nan. Ba ta faɗi sunan ba, ɗan fari ne, ba ta taɓa faɗa ba. Yaron ya bar zuwa majami'a da daɗewa, kuma kowa ya san a gidan giya yake yini ranar kasuwa. Ta ce abin da ke hana ta barci ke nan.

Fasto ya daɗe yana juya ƙwayar gyaɗa a tafinsa. Shi ya yi wa Kabo baftisma a rafi. Ya ce zai zo ya zauna da ita, zai ci gumbar, zai yi mata addu'a har rana ta faɗi. Amma ya duba Littafi iyakar saninsa, bai ga inda sadakar mai rai take canza wa mamaci makoma ba.

"Iya, in na ce miki tana isa, ƙarya na yi miki."

"To ka yi mini ƙaryar mana, Malam. Ni ce zan ɗauki alhakin."

Ya sunkuyar da kai. Ta ce akwai wani sabon fasto a Gaya, shi yana yi, har da ta uku da ta bakwai, majami'arsa kuma ba ta da wurin zama saboda cika. Istifanus ya san shi. Gida biyu sun riga sun koma can.

Ranar arba'in da safe Istifanus ya hango Iya a bakin hanya da kwanon gumba a ka, tana jiran a-daidaita-sahu. Ya koma ya tayar da babur ɗinsa. Ta hau, ta rungume kwanon a cinya.

A Gaya bai shiga majami'ar ba. Ya jingine babur ɗin a gindin darbejiya, yana jin lasifika da ganga ta taga. Wani mai shayi ya tambaye shi ko ɗan acaɓa ne, ya ce a'a, tsohuwarsa ya kawo.

Da ta fito kwanon babu komai. Sai da suka bar gari suka shiga hanyar burji, tsakanin gonakin dawa, ta yi magana kusa da kunnensa. An yi addu'ar, da ƙarfi kuwa. Amma mutumin bai san wa ake yi wa ba. Ya miƙo mata abin magana a gaban jama'a, ya ce ta faɗi sunan mamacin.

"Na faɗa," ta ce. "Da bakina."

Istifanus ya rage gudu saboda rairayi. Ya so ya tambaye ta ko yanzu hankalinta ya kwanta, ya kasa.

A ƙofar gida Hansai ta karɓi kwanon. Iya ta yi masa godiya irin wadda ake yi wa baƙo, ta ce a gaida iyali.

Ranar Lahadi ya shiga majami'a da wuri ya share bencin gaba. Da aka ɗaga waƙar buɗewa yana ta duban ƙofa. Wata yarinya ta zo za ta zauna a wurin Iya, uwarta ta jawo ta baya.