Gajeriyar Ƙafar Teburin Dillali

Dillali ya ɓoye tayi guda bai kai wa mai gida ba, abin da ya ci shi ke nan.

Gidan na wani tsohon kafinta ne, mutum biyu suka taya. Mai sayar da kayan mota ya taya miliyan tara, ya raɗa wa dillali cewa in aka sallama masa, akwai sabon babur a gefe, ban da la'ada. Wata malamar asibiti kuwa ta rubuto miliyan goma sha ɗaya a takarda. Ƙa'idar aikin a fili take: kowane tayi, ko na raini ne, a kai wa mai gida, shi zai ce albarka ko ya sallama. Dillali ya sani sarai. Ya ninke takardar malama, ya cusa ta ƙarƙashin gajeriyar ƙafar teburinsa. Tebur ya daina rawa.

Tsoho ya sallama wa mai kayan mota. Ranar sa hannu a ofishinsa, bakin dillali ya ƙi rufuwa. Ya sha turare, har hular kwano ya riga ya saya, tana kan kujera tana jiran babur.

Tsoho ya dafa tebur zai sa hannu, sai ya tsaya. Ya ɗan girgiza shi.

"Kai yaro, wane mugun ne ya haɗa maka wannan?"

"Baba, a bar tebur mana, ga biro!"

"Shekara arba'in ina aikin katako, in sa hannu a kan wannan abin kunya?"

Ya durƙusa, gwiwoyi na ƙara. "La'ila! Da takarda ake gyara ƙafa?"

Dillali ya zabura, amma ina, tsoho ya zaro ta. Ya warware, ya hango lambar gidansa. Ya sa tabarau, ya karanta da ƙarfi, sau biyu. Sai dariya, har da tari, yana dukan cinya.

"Ashe miliyan biyuna ne ke tallafe da teburinka! Sannu da ajiya, ɗana!"

Mai kayan mota ya zura takalmi ya sulale, ko sallama babu.

Malama ta biya goma sha ɗaya cif, ta hannun dillalin tsallaken titi. La'ada ta tafi can, babur ya bi mai shi, hular kwano ta zauna. Tsoho kuwa ran nan bai fita ba sai da ya gyara ƙafar teburin, ya miƙo hannu, dillali ya biya shi kuɗin ƙusa biyu.