Matar da ke Hoton Zaure

Tun a mota surukata ta fara roƙona.

"Inna, don girman Allah yau ki riƙe bakinki. Gurbi ɗaya ya rage a ajin, yara huɗu ke nema."

Na ce to. Jikata Takwara, wadda ake nema wa gurbin, ta rufe baki tana dariya, don ta san irin "to" ɗina.

Makarantar Turawan Ingila ce. Shekara goma sha ɗaya na yi ina musu wanki da guga, tun suna gidan haya mai ɗaki huɗu, kuma wannan ne surukata ba ta son a ji.

Malamar rajista ta zagaya da mu, takalminta na ƙwas-ƙwas. Ɗakin karatu har da kafet. A ɗakin gwaje-gwaje wani ƙwarangwal na tsaye, na gaishe shi a raina. Yara na wucewa cikin kwat ɗin ulu, gumi na zuba, yadda na bar su. Da ta nuna wurin ninƙaya na haɗiye magana, don nan igiyar shanyata take dā.

Sai zauren taro. Hoto ƙato a bango: wata doguwar Baturiya da yara tara.

"Wannan ita ce ta kafa makarantar," in ji Malama. "Duk shekara yara kan ajiye fure a ƙarƙashinsa."

"Wa? Wannan?"

Surukata ta taka min ƙafa. Amma maganar ta riga ta fita.

"'Yata, wannan ai malamar kiɗa ce. Uwargida da ta kafa makarantar gajeruwa ce mai tabarau. Ita ta ɗauki hoton, don ba ta yarda kowa ya taɓa mata kyamara. Wannan kuwa wata uku ta yi, ta bi likitan haƙori suka gudu, ta bar min siket biyu a igiya."

Ashe Hedimasta na bayanmu. Malama ta fassara masa, ban sani ba ko har da siket. Kunnuwansa suka yi ja. Ya tambaya ta yaya na sani.

Surukata ta sunkuyar da kai. Takwara ce ta amsa, da Turancinta tar-tar, wai kakarta ce ke goge rigunan da ke jikin yaran hoton nan.

Ya sa aka ɗauko wani kwalin tsofaffin hotuna daga sito. Muka zauna, aka kawo shayi mai madara, ina duba hotuna ɗaya-ɗaya. Can na samo Uwargida a gefen wani hoto, ta juya rabin baya tana yi wa mai lambu faɗa.

"Ga ta nan. Ko a hoto ba ta hutawa."

Muka koma gida. Kwana shida surukata na miƙo min abinci ba ta dubana.

Ran na bakwai takarda ta zo: an ɗauki Takwara. Surukata ta karanta sau biyu, ta ce ai jarrabawa yarinyar ta ci, kada in ɗauka ni ce. Na ce haka ne.

A ƙasan takardar Hedimasta ya ƙara layi da hannunsa, wai kwalin hotuna uku suka rage, ko Laraba ta yi min.

"Za ki je?" surukata ta tambaya.

"Zan je mana. Ke za ki kai ni."