Kibod Mara Zalun

A allon shagon mai ruwan rake da ke kusa da tashar Ibrahimiyya, ɗigon wani harafi ya faɗi, sai wani ya samo murfin kwalbar lemo ya kafa shi da ƙusa a gurbinsa. Shaza ta hango shi ta tagar tiram, ƙaramin jirgin ƙasan nan na cikin gari, ta bi shi da ido har shagon ya ɓace. Ko wane ne ya yi wannan aiki, sai da ya aro tsani ya hau, saboda ɗigo ɗaya tal. Ta ji zuciyarta ta yi masa addu'a.

Lura da irin waɗannan abubuwa shi ne sana'arta. Tun da ta gama jami'a take gyaran rubutu a wata ƙaramar maɗaba'a, tana mayar wa haruffa ɗigoginsu, tana raba kalmomin da suka manne da juna. Aikin ya dace da ita, domin takarda ba ta ɗago kai ta kalli mutum.

Ranar Juma'a ce, bayan la'asar, an ɗauke ruwa amma Iskandariyya ba ta gama bushewa ba. Tana kan hanyar zuwa taron masu haɗa kibod ɗin kwamfuta da hannu, waɗanda ke haɗuwa a benen gidan shayin Ammu Sabri, bayan tashar Ramla. A cikinsu akwai Hazim, injiniyan da ya tambaye ta ko ya turo mahaifiyarsa gidansu. Ta ce masa ya bari sai ranar taro. Yau ce ranar, kuma amsar na nan a bakinta tun safe, kamar alewar da take jin tsoron tsotsa kada ta ƙare.

"Wai yaron nan mai ƙwanƙwasa maɓallai, zai turo ko ba zai turo ba?" in ji Mama ɗazu a gida, lokacin da Shaza take ɗaura mayafi. "In sani, in sa a wanke labule."

"Mama, don Allah."

"To, na yi shiru. Amma labulen nan sun yi datti."

Nurhan, 'yar ƙanwar Mama, ita ta fara jan ta zuwa taron a bara, wai ko ta ga mutane. Shaza ta zauna a lungu tana kallon manyan maza da gemunansu sun duƙufa a kan 'yan ƙananan makunnan da ke ƙarƙashin maɓallai, suna buɗe su ɗaya bayan ɗaya, suna shafa musu giris da buroshi siriri kamar na sa kwalli. Duk wahalar nan saboda sauti ce. Wani yana son nasa ya yi ƙara kamar an zuba tsakuwa a kwano, wani yana son ya yi zurfi kamar an ƙwanƙwasa kankana nunanniya. Aka miƙo mata wani kibod ta gwada, ta rubuta layi ɗaya, sai ta ji murya daga ɗaya ɓangaren tebur.

"Ke kina danna haruffa kamar kina neman izininsu."

Hazim ne. Bai ma san sunanta ba a lokacin. Ta ɗauki maganar nan ta tafi da ita gida, ta kwana da ita, ta tashi da ita. Mutumin da yake jin bambancin da ke tsakanin makunni da makunni, wanda kowa ke rantsuwa iri ɗaya ne, ya saurari yatsunta ya ji ta. Tun daga ranar, idan tiram ya ɗauke ta da safe, sai ta riƙa gina wani gida a ranta: hawa na uku, taga tana kallon teku, shi a wancan ɗaki ita a wannan, kowa yana rubutunsa, sautin yana ratsa bango kamar yayyafi a kan rumfa. A gidan nan ba ta bukatar ɗaga murya. Kafin ta buɗe baki an ji.

Akwai wani abu ƙarami da ba ta taɓa gaya wa kowa ba. Sunanta da zalun ake rubuta shi, dalun mai ɗigo a ka, ma'anar sunan kuwa ƙamshi. Amma a bakin mutanen gari zalun da zayun duk ɗaya ne, don haka tun tana firamare ake rubuta mata shi da zayun, a katin asibiti, a jikin kofin kofi, har a katin gayyatar bikin ƙawarta. Da zayun kuwa ba ya nufin komai, sauti ne kawai. Ba ta taɓa iya cewa a gyara ba. Takan karɓa ta yi godiya, ta ji kamar an ba ta rigar wata.

Ta hau matattakalar gidan shayin a hankali. An haɗa tebura a tsakiya, kibod iri-iri a jere, wayoyinsu a nannaɗe kamar taliya. Ƙamshin na'ana'a ya gauraya da na dalmar da wani ke narkarwa a bakin taga.

"Jama'a a miƙe, mai kayan ta iso!" Mina ne, abokin Hazim tun na makaranta, wanda bakinsa ba ya hutawa. "Malama Shaza, ki zo ki karɓi abinki mu huta. Bawan Allahn nan tun bazara ba ya cin abinci, giris yake lasa."

"Rufe mana baki, Mina," in ji Hazim.

"Ni? Wallahi mahaifiyarsa ta kira ni tana kuka, wai ta samu sifirin a cikin miyar mulukiya."

Aka kwashe da dariya. Nurhan ta jawo ta ta zaunar kusa da ita, ta raɗa mata, "Ki daina kallon ƙasa, ba a zubar da komai ba."

Hazim ya ajiye wani abu a gabanta, lulluɓe da farin ƙyalle. Ya yaye.

Kibod ne ɗan ƙarami, bai kai tsawon kamu ɗaya ba. Jikinsa kalar teku da sassafe, tsakanin kore da toka. Hulunan maɓallan kalar madara ne, kuma haruffan Larabci ne kaɗai a kansu, shuɗi mai haske, babu na Turawa ko ɗaya. Shaza ta san abin da wannan ke nufi, domin Hazim makarantar Turawa ya yi, ko saƙo zai tura mata da haruffansu yake rubuta Larabcinsa. Saboda ita ya nemo waɗannan. A kusurwar sama ta hagu akwai wata hula ta daban, mai ɗaukar ido kamar gilashi, da ɗan kumfan igiyar ruwa daskare a cikinta.

"Taɓa mana," ya ce a hankali. "Naki ne."

Ta ɗora yatsu, ta rubuta bisimilla a kwamfutar da aka jona. Sautin ya fito a tausashe, kowane harafi da nauyinsa, kamar ɗigon ruwa na sauka a kan katakon jirgin masunta. Surutun ɗakin ya ja baya. Ta ji kamar tana hawa na ukun nan, taga a buɗe.

"Rubuta sunanki!" in ji Nurhan. "Abu na farko suna ne."

Ta danna shinun, harafin farko na sunanta. Ɗan ƙaramin yatsanta ya miƙe da kansa zuwa kusurwar sama ta hagu, inda zalun yake zaune shi kaɗai a kowane kibod tun da ta koyi bugu. Ya sauka a kan hular nan mai igiyar ruwa. Babu abin da ya fito. Ta sake dannawa. Shinun na nan shi kaɗai a kan allo, yana jira.

Mina ya leƙo ta kafaɗarta, ya dubi kibod, ya dubi Hazim, sai ya dafe kai.

"Innalillahi! Injiniya, ka cinye wa baiwar Allah harafi!"

"Wane harafi?"

"Zalun, ya mai girma Basha! Ƙananan kibod ɗin nan ai gidansa ake rushewa a sa maɓallin fita. Ku da ba ku rubuta Larabci ina za ku sani? Yanzu kalmar ustaz ma an yanke mata wutsiya." Ya juya ga wani mai gemu. "Kai, Shehi, ko a'uzu billahi ba ta rubutuwa a nan. Kibod ɗin da Shaiɗan zai yi barci a kai ke nan!"

Har Ammu Sabri, da ya hawo da tiren shayi, sai da ya ajiye shi ya yi dariya. Kunnuwan Hazim suka yi jajir. Ya jawo kwamfutar yana cewa abu ne mai sauƙi, zai ɓoye harafin a ƙarƙashin wani maɓalli, ta riƙa danna biyu tare, yanzu-yanzu zai gyara. Shaza ta kalli kunnuwan nan ta ji tausayi ya cika ta. Mantuwa ce, ta wanda bai saba ba. Har ta ji ta ƙara son sa a haka, yana kame-kame.

"Ba komai," ta ce, muryarta can ƙasa. Amsar tana nan daram inda take.

"Ai ba ku ga komai ba," in ji Hazim, ya ɗan samu ƙarfi. "Ku bari ku ga ƙasan."

Ya ɗaga kibod ɗin da hannu biyu ya kifa shi a kan ƙyallen. A ƙasansa an dasa farantin tagulla mai nauyi, irin wanda suke sawa don sauti ya zauna. An goge shi yana sheƙi, an zana igiyoyin ruwa a gefe, a tsakiya kuma sunanta, da rubutu mai lanƙwasa. Mutane suka matso suna masha Allah.

Shaza ta ga harafin tsakiya ya zuro ƙafa ƙasa da layi. Zalun ba ya zuro ƙafa, zama yake a kan layi kamar mai tahiya. Ta yi godiya, kamar yadda ta saba.

Nurhan ce ta kasa haƙuri. "Hazim, wannan ai zayun ne."

"Na sani," ya ce.

Ya faɗe shi da sauƙi, har da murmushi, kamar wanda aka taɓo masa labarin da ya fi so.

"Tun ranar da na karɓo na gani. A waya na faɗa wa mai zanen sunan, ya rubuta yadda ya ji. Sai na sa ya yi wani, daidai, da zalun ɗinsa da komai. Yana gida. Amma tagullar ba ɗaya ba ce, ta biyun ta fi tauri. Na ɗaura wannan na saurara, na ɗaura wancan na saurara. Wallahi, Nurhan, wancan kamar ana buga gwangwani. Wannan kuwa, kin dai ji da kunnenki." Ya shafa farantin da babban yatsa. "Kuma ai a ƙasa yake, ba mai gani. A kunne duk Shaza ne."

"Kai dai ba ka da magani," in ji Mina, amma wannan karon dariyarsa ba ta yi nisa ba.

Shaza ta ɗago, ta dube shi sosai, abin da ba ta cika yi ba.

"Ka saurari duka biyun?"

"Sau ba adadi," ya ce da alfahari. "Ban yarda da kaina ba sai da na sa Mina ya riƙa sauya su ina juya baya. Kowane karo wannan nake zaɓa."

Ba ƙarya yake ba, kuma ba da mugunta ya yi ba, wannan ne ya fi yi mata nauyi. Ya ajiye sunanta na gaskiya a hannu ɗaya, sauti a ɗaya hannun, ya auna da dukan kulawar da Allah ya ba shi. Ta lalubi amsar da ta taho da ita tun safe, ta ji wurin wayam.

"To, a yi shiru, za a ɗauka!" Mina ya tafa hannu, ya kafa makirufo a gefen tebur. Al'adarsu ce, duk sabon kibod sai an naɗi sautinsa an tura wa 'yan guruf, kuma idan aka fara ko tari ba a yi. Aka rufe taga, aka kashe fanka. Hazim ya mayar da kibod ɗin daidai, ya tura mata. Ta girgiza kai, hannayenta a cinya.

"Kunya take ji," in ji Nurhan, ba tare da ta kalli kowa ba. "Buga da kanka."

Ya zauna, ya gyara kafaɗu. Mina ya ɗaga yatsa, ya sauke. Hazim ya lumshe ido ya fara.

Sautin ya cika ɗakin, a hankali, sannan da sauri, kamar ruwan sama da ya taso daga teku yana taka rufin gidaje ɗaya bayan ɗaya. Shaza ta tsaya ta saurara, domin gaskiya ne, ba ta taɓa jin mai daɗinsa ba. Fuskarsa ta yi laushi kamar ta mai barci. Duk inda yake a wannan lokacin, wuri ne mai kyau, kuma ba ya neman kowa a cikinsa.

Ta ɗauki jakarta, ta damƙe zoben ƙarfen da ke jikin jakar don kada ya yi ƙara. Ta ɗaga kujera maimakon ta ja ta. Nurhan ta buɗe baki, ta dubi makirufo, ta mayar ta rufe. A bakin matattakala Ammu Sabri ya matsa da tirensa ya ba ta hanya, ta sauka da kan yatsun ƙafa.